Ranar da Kwamanda Ya Danna Ƙararrawa

Mijina ba ya iya wuce ƙararrawar hayaƙi a bango bai danna ta ba. Ba sharri nake masa ba, ku tambayi duk wanda ya taɓa fita da shi. A asibiti ne, a banki ne, a otal ne, zai tsaya ya ɗaga kai, ya miƙa sandarsa ya danna ɗan maɓallin gwajin, abu ya yi tsuwa, mutane su zabura, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Tana aiki." Ni ce mai bin baya da ba da haƙuri. Ɗan kwana-kwana ne, a aikin kashe gobara ya yi furfura har ya yi ritaya, sai dai ritayar ba ta kai ga yatsansa ba. 'Yan unguwa Kwamanda suke ce masa, ni ma in tsokana ta motsa min haka nake kiransa.

Abin mamaki, wuta ba ta cika damunsa ba. Ya ce wuta tana sallama kafin ta shigo, ana ganinta, ana jin ƙaurinta. Abin da ya tsana shi ne iskar nan da janareta ko gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda 'yan boko ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, mutum zai ji barci kawai ya kwanta. Mai Shiru yake ce mata. Saboda Mai Shiru tagar ɗakinmu ba ta taɓa rufuwa ruf ba tun da na shigo gidan nan, ko da sanyi zai kashe ni. Janaretanmu kuwa can ƙuryar tsakar gida aka kai shi, kai ka ce wani laifi ya yi.

To mutumin nan ne Allah ya ba 'ya, autarmu, ta karanci haɗa magunguna, ta samu aiki a ɗakin bincike, kuma duk faɗin duniyar nan ta rasa abin da za ta bincika sai Mai Shiru.

Ni na sani tun farko, na kuma ja bakina na tsuke. In ya tambaya sai in ce maganin kumburi suke nema, ai ba ƙarya na yi ba. Auta ce da kanta ta fasa ƙwan. Wata rana ta dawo da farin ciki fal a fuskarta, wai ƙafafun ɓerayen gwajinsu da suka kumbura sun fara saɓewa. Muna cin abinci, baki ya kasa riƙe magana.

"Baba, ka san jikin mutum da kansa yana yin iskar nan? 'Yar kaɗan. In wuri ya kumbura ya yi zafi, 'yar kaɗan ɗin tana taimakawa ya lafa. Wahalar ita ce yadda za a kai ta wurin ba tare da mutum ya shaƙa ba. Shi ne muke yin wasu ƙwayoyi na wata irin roba mai narkewa a jiki, ƙanana sosai, ido ba ya ganinsu. Sai mu kulle ta a ciki. Su bi jini, ba za su buɗe ba sai sun isa inda kumburin yake."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafar ta ci gaba da murmushi.

Kwamanda ya ajiye cokali. "Wace iska kuke kullewa?"

Sai a lokacin ta dube ni. Ni kuwa na dubi kwano.

"Kabon monoksaid, Baba."

"A jinin wa?"

"Yanzu dai ɓeraye ne."

"Yanzu dai," in ji shi.

Ya tashi ya nufi taga zai buɗe, ya tarar a buɗe take. Ya ƙara tura ta duk da haka, ya shige ɗaki.

Da faɗa ya yi da abin ya zo da sauƙi, don mun saba. Bai yi ba, bai kuma ce ta bari ba. In ta gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mutanen da kullum da yamma sai sun haɗa kai a kan shayi suna gardamar labaran rediyo har in kore su, yanzu ta shigo falo, ya tuna yana da abin yi a tsakar gida. Ni da na san su biyun, na san ba wanda zai sauko. Taurin kan nan a wurinsa ta gado, ba ragi.

Ana haka ta same ni a kicin ina wanke-wanke. Ta ɗauki tsumma tana goge kwanon da ya riga ya bushe.

"Mama, ƙarshen wata zan gaya wa Farfesa, shugabarmu, na bari."

"Kin bar me?"

"Aikin. Akwai kamfanin da ke neman mai duba ingancin magunguna. Ba zan iya ci gaba ba Baba yana kallona kamar wadda ke shirin kashe mutane."

Na san Auta ba ta barazana. In ta ce za ta yi, an gama. Kuma ni na ga yadda yarinyar nan take dawowa daga wurin nan a gajiye liƙis amma idonta na haske, tana ba ni labarin ƙwayoyin da ko ganinsu ba ta taɓa yi da ido ba kamar 'ya'yanta ne. Tsakani da Allah rabin bayanin ba na ganewa. Abin da na gane shi ne in ta bari saboda ubanta, za ta yi masa biyayya, za ta kuma riƙe abin a ranta har tsufanta. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na ji haushin ɓerayen ma.

Ban gaya masa maganar barin aikin ba. Da ya ji, cewa zai yi Allah ya yi mata albarka, magana ta mutu. Sai na bi ta inda na san ƙofarsa take. Da yamma ina shafa masa man zafi a gwiwoyinsa, waɗanda hawa tsani na shekara da shekaru ya bar masa su a kumbure, na ce kamar da wasa:

"Wai ashe wurin aikin su Auta ko taga ɗaya ba a buɗewa."

Ya ɗago. "Kamar ya ba a buɗewa?"

"Haka na ji. Gilashi ne a liƙe. Ga tukwanen gas a ciki. Oho dai, ni me na sani."

Washegari na tarar da shi yana goge tsohon wandon kakinsa da kansa, mutumin da bai san inda dutsen guga yake zama ba. Ya ce in gaya wa yarinyar nan zai je ya ga wurin. Ba ziyara zai je ba, na sani, laifi zai je nema, ya kamo 'yarsa ya dawo da ita gida da hujja. Ni dai buƙatata ya taka ƙafarsa can. Auta ta nemi izini wurin shugabarsu, aka ce mu zo.

A bakin ƙofar ginin na riƙe masa hannun riga. "Kwamanda, don girman Allah, yatsan nan ka bar shi a aljihu."

"Ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da na huta, sai in goya shi."

Ɗakin binciken yana can saman bene, muka hau lif. Farfesa ce ta tarbe mu, wata gajeriyar mata mai furfura da fara'a, tabarau a rataye a wuya. Ta gaishe shi da ranka ya daɗe, ta ce ta daɗe tana jin labarinsa. Aka ba mu fararen riguna na baƙi. Tasa ta ƙi haɗuwa a tumbi, ya bar ta a buɗe yana tafe tana kaɗawa.

Bai dubi ko na'ura ɗaya ba. Tukwanen kashe wuta ya fara bi yana karanta ranar da aka cika su. Ya leƙa bayan ƙofofi. Ya girgiza sarƙar da aka ɗaure tukunyar gas da ita. Ya tambayi ina iskar ɗakin take fita, Farfesa ta nuna masa manyan bututu a rufi da wani akwatin gilashi da ke zuƙe iska yana fitarwa waje, ta ce duk aikin da ya shafi iskar a cikinsa ake yi. Ya yaga 'yar takarda ya saki a bakin akwatin, ta shige ciki fit. Ya sha mur. Na san fuskar nan, ita yake yi in ya ɗanɗana miya da niyyar kushewa ya ji ba abin cewa.

Auta tana tsaye gaban teburinta da safar hannu da tabarau, duk ta bi ta takura. A gabanta akwai wata na'ura mai ɗumi tana jijjiga wasu 'yan kwalabe, ruwan cikinsu fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa.

"Su ne waɗannan, Baba. Makonni na yi ina haɗa wannan rukunin. Yau ce ranar awo. Na riga na sa musu abin da ke sa su buɗe, irin wanda ake samu a wurin da ya kumbura. Yanzu jifa-jifa zan riƙa ɗiba ina auna yawan iskar da suka saki, har la'asar. In na tsallake awo, aikin ya tashi a banza, don in sun fara buɗewa ba sa jiran kowa."

"Da me kike ganewa ta fito, abin da ba a gani?"

Tambayar farko ke nan da ya yi mata tun ranar cin abincin. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwa ja mai duhu, ta ce an samo shi ne daga abin da ke ba nama launinsa. A cikin akwatin gilashin ta ɗiga masa ɗan ruwan ƙwayoyin, ta jira kaɗan. A hankali duhun ya washe, ruwan ya yi ja wur, kyakkyawa, har na buɗe baki zan yaba.

"Haka leɓunansu suke yi," in ji Kwamanda.

Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ba Auta yake kallo ba, kwalbar yake kallo.

"Mun taɓa fasa wata ƙofa da safe. Uba da uwa da yara, kowa a shimfiɗarsa. Ƙaramar na fara ɗauka. Kumatunta da leɓunanta sun yi kyau kamar wadda ta ƙoshi da lafiya. Har mota ina ce mata ta tashi."

Ni na san ranar. Ya dawo gida bai ci abinci ba, ya ɗauki Auta tana jaririya ya zauna da ita a tsakar gida har rana ta faɗi. Amma bai taɓa faɗa da bakinsa ba, yaran kuma ba su taɓa ji ba. Auta ta tsaya da kwalbar a hannu. Agogon teburinta ya yi ƙara, lokacin awo ya yi, dole ta juya. Shi kuma ya ja sandarsa ya nufi bakin ƙofa, don ba ya son a ga idonsa. Na bar shi ya ɗan sarara, na tsaya kallon ɓeraye ta gilashin ɗakinsu. Wannan sakacin nawa ne, ban musa ba.

A bakin ƙofar akwai wani akwati ruwan ɗorawa a bango, da ɗan maɓalli a gefe. Na yi imani bai ma san ya miƙa hannu ba. Hankalinsa na can wani wuri, yatsa ya yi abin da ya saba.

Ashe wannan ba irin ta banki ba ce mai tsuwa ta yi shiru. A haɗe take da ginin gaba ɗaya. Jiniya ta ɗauka ta ko'ina, jan fitila na walƙiya, na'urori suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har mai jijjiga kwalaben.

Auta ta ajiye abin ɗiban da ke hannunta. Ko kallon kwalaben ba ta yi ba. Wata murya ta fito daga bakinta wadda ban san tana da ita ba, ba ihu ba ce, amma ba mai musa mata.

"Kowa waje. Kar a ɗauki komai. Ta matakala, ban da lif."

Abokan aikinta suka bi layi tana taɓa kafaɗar kowa tana ƙirgawa. Farfesa ta juya za ta ɗauki kwamfutarta, Auta ta ce, "Farfesa, bar ta." Matar nan da furfurarta ta bar ta. Ni ma aka tura ni gaba kamar buhu. Ta leƙa banɗaki, ta leƙa ɗakin ajiya, sannan ta iso kan ubanta da ke tsaye ya yi tsuru-tsuru a bakin ƙofa.

"Auta, tsaya ki ji."

"Baba, yi shiru ka yi tafiya."

Ta ɗora hannunsa a wuyanta, ta riƙe ƙugunsa, ta fara sauka da shi. Mutum mai nauyin Kwamanda, ga gwiwa ba lafiya. A kowace kwana sai ya ce, "Ki saurare ni mana," ita kuma ta ce, "A waje." Ina gabansu ina jin su, na kuma riga na gane abin da ya faru, don na ga fuskarsa. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

A filin ajiye motoci, ƙarƙashin wata bishiya, mutanen ginin duka suka taru, wasu da kofin shayi, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Auta ta zaunar da shi a kan dakali, ta sake ƙirga mutanenta, tana tambayar kowa ko yana jin ciwon kai ko jiri. Ta dawo ta durƙusa gabansa, ta kama haɓarsa ta ɗaga, tana duba leɓunansa.

"Ni na danna," in ji shi.

Farfesa ta dube shi, ta dubi rigar da ta ƙi haɗuwa a tumbi, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a gefen dakalin tana share hawaye. Ta ce shekara nawa tana roƙon a yi musu atisayen fita ana ce mata sai wani watan, ga shi ranka ya daɗe ya yi musu kyauta. Mutane suka dara, mai takalmi ɗaya ya fi kowa. Ni kuwa na shiga aikina na ba da haƙuri, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Auta ba ta yi dariya ba. Dokar wurin ita ce ba mai komawa sai jami'in tsaro ya bi kowane ɗaki da na'urarsa ya tabbatar, ko da an san wanda ya danna. Aka daɗe ana jira. Tana tsaye tana kallon saman benen, lokacin awo ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce. Ta cire safar hannun a hankali ta cusa a aljihu.

"Ƙwayoyin sun lalace?" ya tambaye ta.

"Sun gama buɗewa, ba wanda ya auna." Ta share ido da bayan hannu. "Ba komai, Baba. Da ma su ne na ƙarshe. Ƙarshen wata zan bar aikin, ka huta."

Farfesa ta daina dariya. Kwamanda ya juyo ya dube ni, na ɗauke kai, don ban ga abin da zan ƙara ba.

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Sannan ya ce, "Da ƙararrawar ta tashi, kin san aikinki zai lalace?"

"Na sani."

"Ban ga kin waiwaya ba."

"Baba, da gaske ce fa na ɗauka. Wa zai tsaya kwalba?"

"Kina tsoron Mai Shiru ke nan."

"Kullum. Duk safiya in zan buɗe tukunyar nan sai gabana ya faɗi. A gidanka fa na tashi."

Ya gyaɗa kai. Idonsa ya kaɗa, wannan karon bai ɓoye ba.

"Ni ban yarda da iskar nan ba," ya ce, "kuma ba zan yarda da ita ba har in koma ga Allah. Amma ko kin bari ba fasawa za a yi ba, wani za a ɗora a kujerar. Ban san shi ba, ban san ko gabansa yana faɗuwa ba. In har wata rana sai an sa ta a jinin ɗan wani, na fi so a ce hannunki ne ya auna. Kar ki bari, Auta." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma ki yi haƙuri da ɓarnar da na yi miki."

Tun da nake da mutumin nan ban taɓa jin ya ba ɗansa haƙuri ba. Auta ta sunkuyar da kai tana ta gyaɗawa, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta.

Jami'in tsaro ya fito ya ɗaga hannu, aka fara komawa. Farfesa ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta ce wa Auta in ta gama kukan akwai kwalabe na jiran wanki, gobe a fara sabon haɗi. Ta juyo ta ce wa Kwamanda ƙofarsu a buɗe take gare shi ko yaushe, da sharaɗin hannayensa biyu na riƙe a hannuna. Ya ce ya ji.

Auta ta ciro sabuwar safar hannu daga ɗaya aljihun, ta bi bayan shugabarta. Ya bi ta da kallo har ƙofar ta rufe. Na ce masa ya tashi mu nemi mota, ya ce in ɗan dakata. Muka zauna a kan dakalin nan, shi yana kallon saman benen, ni ina kallonsa, har rana ta juya ta same mu a inda muke.